Waigi da tirelar tafi-da-gidanka mai aksil biyu: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taso kusa da tashar mota ya san waigi. Babbar mota za ta tsaya a hawa, yaron mota ya diro da guntun katakonsa, ya cusa shi bayan taya tun kafin direba ya ɗage ƙafa daga birki. Wannan guntun katako, da 'yan'uwansa na roba da na ƙarfe, shi ne kuma ke riƙe da ɗakunan nan masu taya da mutanen Amurka da Kanada da Ostareliya da Turai ke ɗaurawa a bayan mota su tafi hutu daji ko bakin tabki, da gado da kicin da banɗaki duk a ciki. Maganarmu a nan kan mai aksil biyu ce, wato mai taya biyu a jere ta dama, biyu ta hagu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda sababbin shiga suka fi yi, musamman 'yan'uwanmu mazauna can da suka saya ko suka yi haya.

Tirela mai taya 4 kuma da birkinta, me zai sa ta gangara?

Birkin nata ba nata ba ne ita kaɗai. Yawancin tirelolin hutu na Amurka birkin lantarki gare su: idan direba ya taka birki a mota, wuta ta bi waya zuwa wani maganaɗisu a cikin kowace ƙafa, shi kuma ya kama. Da zarar ka zare wayar nan ka raba tirela da mota, shi ke nan, babu abin da ya riƙe tayoyin. Ba ta da birkin hannu, ba ta da giya da za a bar ta a ciki.

Sai kuma a duba nauyi. Irin da aka fi gani tana kan aksil biyu masu ɗaukar fam 3,500 kowanne, jimilla fam 7,000, wato sama da kilo 3,000 kaɗan idan an cika ta da kaya da ruwa. A filin da ya sauka da santimita 5 a kowace mita, ƙarfin da ke jan tirela mai kilo 3,000 zuwa ƙasa ya kai kimanin kilo 150, nauyin buhun siminti 3, kuma ba ya hutawa dare da rana. A kan kwalta ko daɓen kankare, saukar santimita 2 a mita ta isa ta sa taya ta fara juyawa, alhali idan ka tsaya ka kalli filin za ka rantse shimfiɗaɗɗe ne. Ƙaramin jak ɗin da ke wuyan tirela, wato ƙarfen gabanta da ake haɗawa da mota, aikinsa ɗaukar nauyi daga sama zuwa ƙasa. Idan aka ture shi ta gefe, ko ya zame daga kan katakon da ya taka, ko ya lanƙwashe.

Ai akwai igiyar birkin gaggawa. Me zai hana in zare ta in bar birki a kame?

Kada ka yi. An yi igiyar nan ne domin ranar da tirela ta ɓalle daga mota ana cikin gudu: ta fizge wani ɗan fil, batirin tirela ya tura wutarsa duka zuwa birki har ta tsaya. Aikin mintoci ne. Kowane maganaɗisu yana shan kimanin amfiya 3, huɗu sun sha 12 ke nan, ba ƙaƙƙautawa. Kafin gari ya waye batir ya mutu, wayoyi da maganaɗisun sun sha zafi, birki kuma ya saki ba tare da ya yi maka sallama ba, wataƙila kana barci a ciki da iyalinka.

Waigin iri nawa ne? Na shiga kanti na ga kala-kala na rasa wanda zan ɗauka.

Siffofin suna da yawa, amma ayyukan biyu ne kacal, kuma rikita su shi ne kuskuren da ya fi damuna a wannan harka.

Na farko shi ne waigin ƙasa, wanda muka sani: abu mai gangare da ake cusawa tsakanin taya da ƙasa. Taya ta hau gefensa, nauyinta ya danne shi, shi kuma ya ciji ƙasa. Iya ƙarfin da tirela ta tura shi, iya ƙarfin da yake ƙara kamawa. Wannan shi ne mai riƙe tirela kada ta tafi.

Na biyu sai a tirela mai aksil biyu yake da amfani. Ƙarfe ne mai siffar almakashi da ake sawa a ratar da ke tsakanin taya ta gaba da ta baya, a juya noti ya buɗe, ya tokare su biyun. Wanda ya fi suna shi ne X-Chock na kamfanin BAL, har mutane kan kira kowane iri da wannan suna. Dabararsa mai kyau ce. Idan tirela za ta motsa gaba, fuskar tayar gaba da ke kallon ratar sama take yi, fuskar ta baya kuma ƙasa. Ƙarfen da ya tokare su yana hana kowace bin hanyarta, sai ɗaya ta riƙe ɗaya. Amfaninsa shi ne kashe 'yar rawar nan ta gaba da baya da ake ji duk lokacin da wani ya taka a ciki: yaro ya diro daga gadon sama, shayin da ke kan tebur ya zube, wanda ke barci a ɗaya ƙarshen ya farka.

Saboda haka idan kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi waigin ƙasa. Mai almakashi jin daɗi ne, na ƙasa kuwa tsaron rai ne.

To idan na ɗaure mai almakashi da kyau a ɓangarorin biyu, ba zai wadatar ba?

Ba zai wadatar ba, kuma su kansu masu ƙera shi ba su sayar da shi a matsayin birkin ajiye tirela ba. Dalilan suna da sauƙin ganewa idan ka tsuguna ka duba yadda yake zaune. Bai taɓa ƙasa ba ko kaɗan. Riƙonsa duka ya dogara ne da matsewar da ke tsakaninsa da robar taya, matsewar nan kuwa tana canjawa. Ka iso daga tafiyar awa 4 a babban titi, tayoyi sun yi zafi, iskar ciki ta kumbura. Ka ɗaure shi tsam. Dare ya yi, sanyi ya sauka, iska ta lafa, abin da ka ɗaure da yamma da safe sai ka iske shi yana lilo. Idan ƙusa ta huda taya ɗaya tana saki a hankali, riƙon ya tafi gaba ɗaya. Ruwan sama ko laka a jikin taya ma suna rage shi.

Akwai kuma batun sifirin. A yawancin waɗannan tireloli aksil biyun suna rataye ne a kan sifirin mai ganye, da wani ƙarfe mai lilo a tsakiya da ke raba musu nauyi. Idan ka ɗaga wuyan tirela ko ka sauke shi, ƙarfen nan yana juyawa, tayoyin su ɗan matso juna ko su ɗan rabu. Ke nan a daidai lokacin da aka fi buƙatar riƙo, wato lokacin raba tirela da mota, a lokacin ne mai almakashi ya fi rashin tabbas. Idan ratar ta buɗe ya saki, idan ta tsuke ya lanƙwashe ko ya matsa wa jak da sifirin lamba.

Guda nawa zan saya, kuma a ina ake sa su?

Huɗu na ƙasa, biyu a kowane ɓangare, ɗaya yana tare gaba ɗaya yana tare baya. Za ka iya sa ɗaya gaban tayar gaba ɗaya bayan tayar baya, ko ka rungume taya guda da su biyun, ko, idan ratar tsakiya ta isa, ka sa su a can suna ba juna baya. Duk sun yi, muddin kowanne ya zauna a tsakiyar faɗin tayar, a miƙe, ya manne da ita ba rata.

Mutane kan tambaya me ya sa ɓangarori biyu. Tirelar da aka tare ta ɓangare ɗaya ba za ta tafi a miƙe ba, gaskiya ne, amma za ta iya juyawa a kan tayar da aka tare kamar yadda ƙyauren ƙofa ke juyawa, wuyanta ya shara gefe. Wanda ke tsaye kusa da wuyan a lokacin, yana juya jak, shi ne a hanya. Haka nan batun gaba da baya: idonka na iya ce maka filin baya ya gangara, amma inda tayoyin suka taka akwai ɗan kwari da ke ja gaba. Tare duka biyun ka huta da canke.

Daga isowa wurin yada zango, mene ne farko, mene ne ƙarshe?

Ka shiga da baya ka tsaya inda kake so, mota tana haɗe. Fara da daidaita dama da hagu, domin wannan sai da mota ake yinsa: ɗora ma'aunin magina a ƙasan ɗakin ko a wuyan tirela, ka ga ɓangaren da ya yi ƙasa, ka shimfiɗa katako ko tubalan roba, ka ja tirela ta hau.

Daga nan sai waigi, tun mota tana haɗe. Yadda nake yi, ina fara sa na ɓangaren gangare a dama da hagu, in koma mota in cire giya in saki birki a hankali har in ji tirela ta jingina da su. Sai in ja birkin hannun mota in fito in cusa sauran biyun, in doke su da dunduniyar takalmi ko da guduma ta roba. Amfanin wannan jinginawar shi ne tirela ta riga ta yi ɗan motsin da za ta yi tun tana da mai riƙe ta. Idan ba haka ba, sai ka ɗaga ta daga kan ƙwallon ƙarfen nan na bayan mota da wuyanta ke hawa za ta yi shi, ta zabura inci 2 ko 3, ta ja jak da ita.

Yanzu ka sauke jak ɗin wuya kan katako mai faɗi, ka buɗe makullin mahaɗa, wato bakin wuyan da ke kama ƙwallon, ka ɗaga har ta rabu da ƙwallon. Bar sarƙoƙin tsaro da ke haɗa wuyan da mota a maƙale har sai ka ga da idonka ta rabu kuma ba ta motsa ba. Wannan ɗabi'a ba ta cin minti ɗaya. Na taɓa ganin wani maƙwabcin zango ya cire sarƙa da waya da komai, ya ɗaga mahaɗa, babu waigi ko ɗaya a ƙasa. Tirelar ta ja baya a hankali kamar mai tunani, jak ya faɗo daga kan tubalansa ya tanƙware, wuyan ya daki ƙasa. Abin da ya tsayar da ita kututturen da aka kafa a ƙarshen filin ne. Matarsa tana bayan tirelar 'yan daƙiƙu kafin nan tana duba inda za a jona wuta. Allah ne ya kiyaye, kuma har yau idan na tuna gabana faɗuwa yake.

Bayan an janye mota, ka daidaita gaba da baya da jak ɗin wuya. Sannan ka sauke ƙafafun kusurwa 4 su taɓa ƙasa su ɗan matse, ba ɗaga tirela za su yi ba. Mai almakashi shi ne na ƙarshe, bayan an gama duk wani ɗagawa da saukewa.

Ɓangaren da na ɗora kan katako fa? Waigi ba ya samun wurin zama.

Matsala ce ta gaske, domin tayar ta yi sama, waigin da ke ƙasa ba ya kai mata yadda ya kamata. Hanya mafi sauƙi ita ce katakon ya fi tayoyin biyu tsawo sosai, yadda waigi zai zauna a kansa shi ma. Masu amfani da tubalan roba masu shiga juna, irin Lynx Levelers, akwai waigin da aka yi musamman yana maƙalewa a jikin tubalan. Akwai kuma lanƙwasasshen matakin nan na kamfanin Andersen, da taya ke hawa a hankali har tsayin inci 4, idan ta kai inda ake so a cusa masa abokinsa a ƙarƙashi. A tirelar da tayoyinta suka matsu da juna, wani lokaci sai an datse bakin ɗaya kafin ya shiga tsakani.

Ko wanne ka zaɓa, ɗaga tayoyin ɓangaren su biyu daidai wa daida, kuma faɗin kowace ya zauna duka a kan abin da ta taka, kada gefe ya rataya. Wannan ya fi muhimmanci a tirela mai aksil irin na roba da ke murɗawa a cikin bututu, kamar Torflex na kamfanin Dexter, domin shi ba ya da ƙarfen tsakiya mai raba nauyi: tayar da ta fi tsayi ita za ta ɗauki kayan 'yar'uwarta. Ɓangaren da ke kan ƙasa kuwa, a nan ne riƙonka na gaske yake, ka ba shi mafi kyawun waiginka.

Dole ne sai ta daidaita sarai? Ni ɗan karkata ba ya hana ni barci.

Kai ba ya hana ka, amma firjin gas da ke cikin da yawa daga tirelolin nan ba ya jurewa. Ruwan amoniya ne ke zagayawa a bututunsa ta hanyar gangarowa da kansa, babu injin da ke tura shi. Idan ya daɗe yana aiki a karkace, ruwan ya taru wuri ɗaya, tukunyar da ke dafa shi ta yi zafi fiye da kima, bututu ya toshe, gyaransa kuwa sau da yawa sai dai sabo. Ƙofofi ma suna buɗe kansu, ruwan wanka ya ƙi bin magudana.

Yaya zan san na ɗaure mai almakashi daidai?

Sa shi a inda ratar ta fi tsukewa, daidai tsayin tsakiyar taya, faratansa 4 duk su kwanta a kan roba. Juya da sifanar hannu da ya zo da ita har ka ga ya ɗan lotsa cikin tayar kuma ka girgiza shi da hannu bai motsa ba. Nan ka tsaya. Kada ka sa masa injin ɗaure noti mai bugu, zai cinye zaren ƙarfen ko ya tura aksil biyun su rabu fiye da yadda aka yi su. Bayan awa 1 ko 2, tayoyi sun huce, ka dawo ka ƙara masa ɗan juyi.

Kafin ka saya, auna ratar. Na BAL na yau da kullum yana tsukewa ƙasa da inci 1 da rabi, yana buɗewa zuwa inci 10. Wasu sababbin tireloli an nisanta aksil ɗinsu da gangan, su sai dogon samfuri. Wasu kuma leɓen rumfar taya ya sauko har ya rufe ratar, sai ka shigar da shi ta ƙasa.

Na sa komai, amma har yanzu ɗakin yana rawa. Ina matsalar?

Tsaya a tsakiya ka lura da wace irin rawa ce. Idan ta gaba da baya ce, koma ka duba waigi, akwai wanda ya saki. Idan ta dama da hagu ce ko ta sama da ƙasa, ba laifin waigi ba ne, kuma ko ka ƙara goma ba za ta daina ba. Wannan daga sifirin take, da laushin iskar taya, da tanƙwarar dogon ƙashin tirela, wato ƙarfen da ɗakin ke zaune a kai, da ƙafafun kusurwa.

Ƙafar kusurwa idan ta miƙe da tsawo rauni take yi, kamar mutum a kan doguwar sanda. Tara mata katako ko tubala a ƙasa yadda ba za ta sauko fiye da rabin tsawonta ba, za ka ji bambanci nan take. Haka jak ɗin wuya. A ƙasa mai laushi ƙafafun suna nutsewa cikin dare, washegari sai an sake matse su. Wanda tirelarsa doguwa ce ƙwarai yana iya ƙara jak biyu kusa da tayoyi, ko sandunan ƙarfe masu tokare ƙafafun a karkace. Matakalar ƙofa ma tana da hannu: irin mai rataye a jikin tirela duk mai shiga sai ya girgiza gidan, irin mai taka ƙasa kuwa ba ta yi.

Amma a faɗi gaskiya, ɗaki ne a kan iska da sifirin. Za a rage rawar sosai, ba za ta zama kamar ginin siminti ba. Kada neman haka ya sa ka ɗaure ƙafafun kusurwa har su ɗauke nauyi daga kan tayoyi. Idan taya ta yi sauƙi waigi ya rasa abin da ke danne shi, ƙashin tirela ya murɗe, ƙofa ta ƙi rufuwa.

Na roba mai nauyi ko na leda mai sauƙi? Kuma wane girma?

Ƙa'idar da aka saba bi ita ce tsayin waigi ya kai kusan kashi 1 cikin 4 na tsayin taya. Tayar da aka rubuta wa ST225/75R15, wadda ta yi yawa a waɗannan tireloli, tsayinta ya ɗan wuce inci 28, ke nan waigi mai inci 6 zuwa 7 ne nata. Ƙarami ƙwarai taya haye shi take yi.

Ni baƙar roba mai nauyi, irin ta taya, nake zaɓa. Tana kama kankare da kwalta, ba ta fashewa. Aibinta nauyi da wari, sabuwa kada ka ajiye ta inda ake kwana. Masu ruwan ɗorawa na leda, wato roba irin ta bokiti, suna da araha da sauƙin ɗauka, suna yin aiki a kan tsakuwa da ciyawa inda haƙoransu ke samun abin cizo, amma a daɓe mai santsi zamewa suke, rana kuma tana busar da su har su riƙa tsagewa. Wasu kamfanoni ma suna buga ranar daina amfani a jikinsu. A yashi, kowane iri nutsewa yake, sai ka shimfiɗa katako taya da waigi su hau tare. A kan ƙanƙara roba ba ta da riƙo, a nan sai na ƙarfe mai haƙora, ko kuma ka share wurin har ƙasa ta fito ka zuba yashi.

Dutse ko bulo ba zai yi ba? Ko in sassaƙa nawa?

Idan ka tsaya a hanya ba shiri kuma ba ka da komai, dutse mai faɗin gindi ya fi babu. Amma ba abin dogaro ba ne: mai zagaye mirginawa yake, mai kaifi yana cin taya, bulon siminti kuwa rugujewa yake lokaci ɗaya ba gargaɗi.

Sassaƙa naka kuwa ba laifi, direbobin manyan motoci sun daɗe suna yi. Samu katako mai tauri marar tsaga, faɗinsa ya kusa faɗin taya, a yanka shi da gangare, a manna masa guntuwar tsohuwar taya a gindi don kamu. Huda shi ka zura igiya ka haɗa biyu-biyu, ka shafa musu fenti mai haske. Wasu har na tsakanin taya suna yi: katako biyu masu siffar waigi, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, da dogon ƙarfe mai zare ya ratsa su, a ɗaure noti su matse tayoyin. Yana aiki, kuma hukuncinsa ɗaya da mai almakashi, na hana rawa ne kawai.

Ni a Turai nake, tawa tana da birkin hannu. Ina ruwana da waigi?

Tirelolin Ingila da Jamus da Faransa tsarinsu daban ne. Birkinsu na turawa ne: mota ta rage gudu, tirela ta turo wuyanta, wannan turin ya ja birki, kuma akwai sandar birkin hannu a wuyan. Sai dai an yi birkin yadda zai saki idan ana tafiya da baya, don haka tirelar da bayanta ke kallon gangare tana iya ja da baya kusan taku ɗaya kafin ya kama sosai, musamman idan ba a ja sandar har ƙarshe ba. Taku ɗaya ya isa ya sauko da ita daga kan katako. Sannan idan za a ajiye ta watanni, shawarar da aka saba bayarwa ita ce a saki birkin hannu don kada takalmin birki ya manne da ganga saboda tsatsa, a bar waigi ya riƙe ta. A Jamus ma doka ce: irin wannan tirela idan nauyin da aka yarje mata ya wuce kilo 750, dole ta riƙa tafiya da waigi biyu.

Ranar tashi, yaya ake kwancewa? Sau da yawa waigi yakan maƙale ya ƙi fita.

Bi sawunka ka koma. Mai almakashi ne farkon fita, kafin ka taɓa jak. Sai ƙafafun kusurwa su koma sama. Ka kawo mota, ka sauke mahaɗa kan ƙwallo, ka kulle, ka maƙala sarƙoƙi da waya da igiyar gaggawa, ka ɗan ɗaga da jak ka tabbatar ta kama ƙwallon da gaske. Sai bayan duk wannan waigin ƙasa zai fita.

Wanda ya maƙale kuwa, alama ce ya yi aikinsa, tirela ta kwana a jingine da shi. Kada ka tsaya dukansa da guduma, kada kuma ka zura hannu ƙarƙashin taya kana ja. Cire waɗanda suka saki, ka shiga mota ka matsa inci 1 ko 2 zuwa ɗaya wajen, ka ja birki, ka zo ka ɗauke shi da igiyarsa. Kafin ka tashi, zagaya tirelar sau ɗaya ka ƙirga abin da ka sa da abin da ke hannunka. Waigin leda da aka manta murƙushewa kawai zai yi, amma ƙarfen almakashi da aka ja mota da shi yana iya yaga taya ko ya fasa rumfarta.

Idan taya ta fashe a hanya fa?

A nan aksil biyu yana da daɗi. Akwai wani ɗan mataki da ake sayarwa, irin Trailer Aid, da ake hawa da lafiyayyar tayar, sai wadda ta fashe ta rataya a sama ba tare da jak ba, ko da yake a wasu tirelolin masu sifirin mai lilo sosai sai an ƙara katako a ƙasansa. Bar tirela a haɗe da mota, ja birkin hannun mota, sassauta notocin tun tayar tana ƙasa, ka tare tayoyin ɗaya ɓangaren gaba da baya. Ko da jak za ka yi, dole ne ka sa waigin ɗaya ɓangaren. Shi ya sa nake ajiye nawa a akwatin da ya fi kusa da ƙofa, ba can ƙarƙashin kujeru da tabarmi ba.

Zan ajiye ta duk lokacin sanyi. In bar su a jiki? Kuma gaskiya ne mai almakashi yana hana sata?

Waigin ƙasa 4 su zauna a wurinsu har ranar da za ka dawo, ko da filin ajiyar a shimfiɗe yake, domin iska mai ƙarfi tana samun bango mai faɗi a jikin tirela ta tura. Mai almakashi ba shi da aikin yi a ɗakin da ba kowa, gara ka cire shi ka shafa wa zarensa man giris ka ajiye a busasshen wuri. Taya tana rage iska a hankali ko ba huji, saboda haka duk wata ka leƙa: auna iska ka cika zuwa abin da aka rubuta a takardar da ke manne a gefen tirela, ka sake doka waigin su manne.

Batun sata, wasu samfuran suna da ramin da ake sa kwaɗo, kuma yana ɓata wa ɓarawo lokaci. Amma wanda ya san kan abin sace iskar taya ɗaya kawai zai yi, ƙarfen ya faɗo da kwaɗonsa. Idan tsoron sata ne, sayi makullin da ke rufe bakin mahaɗa, da maƙalin ƙarfe mai rungume taya ya rufe notocinta, irin wanda ake sa wa motar da ta yi fakin ba daidai ba.